Wanda ya yi hawaye a fim ɗin makiyayan nan, ya yarda da abin da suka aikata ke nan?

Abba Kawo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana, amma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara jifa. Na kai wayata wajen mai turi ya zuba min fina-finai, na ce ya haɗa min da na kaboyi saboda Baba yana son masu dawaki. Allah Ya rufa min asiri ban kai wa Baba ba, sai na fara kunna shi a shago da daddare muna zaune da abokai bayan an ɗauke wuta. Sunansa Brokeback Mountain. Farkonsa ba ka ce komai ba: samari biyu an ɗauke su kiwon tumaki a kan tsauni, ga dawaki, ga ciyawa shar, ga sanyi. Muna ta yaba hoton. Kwatsam sai aka zo wajen tanti, inda samarin biyu suka kwanta da juna. Ɗaya daga cikinmu ya miƙe ya tofar da yawu ya ce a'uzubillahi ya kama gabansa, wani ya ce in kashe, na kashe. Bayan an watse ne ni da wani abokina muka ci gaba, muna tsallake wuraren da ba su dace ba. Da aka kai inda ɗayansu ya je gidan iyayen ɗayan bayan ya mutu ya tarar da rigunansu biyu a rataye, ɗaya cikin ɗaya, sai na waiga na ga abokina yana share ido da hannun riga. Mutumin da sahun farko ba ya wuce shi. Washegari ya ce min bai runtsa ba, istigfari yake ta yi, wai tsoronsa kada hawayen ya zama yarda. Ni kuma na rasa abin da zan ce masa. Shi ne na kawo muku.

Sani Rigasa: Wa alaikumussalam. Kai Abba, ai tun daga tanti ya kamata labari ya ƙare. Wanda ya tofar da yawu ya tafi shi ne mai hankali a cikinku. Masu shirya irin wannan ba wawaye ba ne, abin da suke nema ke nan, ka ji tausayi. Yau tausayi, gobe ka ce ai su ma a ƙyale su, jibi ka ji ɗanka yana kare su a gabanka. Ka goge shi, kuma ka koma ka ja wa mai turin nan kunne, don yara ƙanana ma wajensa suke kai waya.

Baban Walid (admin): Kafin abu ya yi nisa: ba a yarda kowa ya turo fim ɗin ko wani yanki nasa a nan ba, ba zagi, kuma ba a kama sunan kowa a gari. Wanda ya saɓa zan cire shi ba sai na yi shawara ba. Bismillah, a ci gaba.

Jamilu Edita: Yaya Sani ya faɗi gaskiya a abu ɗaya, an gina fim ɗin ne don ya taɓa zuciya, kuma maginin gwani ne. Ang Lee, ɗan asalin Taiwan, shi ya ba da umarni, ya fito a 2005. Asalinsa gajeren labari ne da wata marubuciya Annie Proulx ta fitar a 1997. A bikin Oscar na 2006 ya ɗauki lambobi uku: na darakta, na rubutun fim, da na kiɗa. Tsaunukan da Abba ke yabawa ma ba na jihar Wayomin ta Amurka ba ne inda aka ce labarin ya faru, a Albata ta Kanada aka ɗauka.

Ni haɗa hoto ne sana'ata, don haka na san yadda ake matso hawaye daga idon mutum. A rage magana, a bar kyamara ta daɗe a kan fuska, kiɗa kuma kada ya shigo sai an makara. Ku lura da Heath Ledger, wanda ya fito a Ennis, ɗaya daga cikin samarin biyu, da ƙyar yake buɗe baki, magana tana fita ta tsakanin haƙora kamar ana ƙwatarta. Sa'a biyu da 'yan mintoci kana kallon mutumin da ya danne komai, to ranar da ya rungume riga ya sunkuyar da kai dole wani abu ya motsa maka. Wannan aikin hannu ne. Mu da muka tashi da fim ɗin Indiya, sau nawa muka yi kuka jaruma tana gaban gunki tana roƙo a bar mata ɗanta? Wa ya wayi gari ya koma bautar gunki?

Sani Rigasa: Jamilu, kada ka haɗa. Babu wanda ke tallata mana bautar gunki da kuɗin tallafi. Wannan kuwa ana bin mu da shi har gida.

Malam Tukur Tudun Wada: Wa alaikumussalam wa rahmatullah. Abba ɗana, ka gaya wa abokinka ya kwantar da hankalinsa, amma ka gaya masa duka, kada ka ɗauki rabi. Hukuncin aikin mutanen Annabi Luɗu babu saɓani a kansa, haramun ne, ƙissar tana cikin A'arafi da Hudu da Hijri da Shu'ara'i. Kallon tsiraici ma haramun ne ko na wane ne, wannan shi ne abin da ya cancanci istigfari. Amma taushin zuciya a kan ɗan Adam da ya halaka, wannan wani abu ne daban. Ku buɗe Suratu Hudu, aya ta 74 zuwa 76. Da mala'iku suka sanar da Annabi Ibrahim inda suka nufa, jayayya ya shiga yi da su a kan mutanen Luɗu. Me Allah Ya kira shi a ayar da ke biye? Mai haƙuri, mai yawan tausayi, mai komawa ga Ubangijinsa. Sannan aka ce masa ya bar wannan magana, umarni ya riga ya zo. Ba a zarge shi da yarda da aikinsu ba, kuma tausayinsa bai canza hukunci ba. Yarda ita ce mutum ya ƙudurta a ransa cewa abin halal ne. Abokinka da ya kwana yana istigfari ai ya yi nisa da wannan.

Rahila Barnawa: Malam, Allah Ya ƙara sani. Mu ma haka yake a Littafin Farawa sura 18, Ibrahim yana roƙo saboda Saduma, ya fara da masu adalci hamsin yana ragewa har ya sauko goma. A cocinmu ma matsayinmu a kan wannan aiki bai bambanta da naku ba. Ina karantawa dai, zan dawo.

Maman Hanifa: Ni fa tun ɗazu ina jira in ji wanda zai ambaci matan, shiru. Duk kun tattara a kan maza biyun da rigunansu. Na kalli fim ɗin nan tun ina makaranta, kuma na yi kuka, amma Alma na yi wa, matar Ennis. Yarinya ce ta auri saurayinta da zuciya ɗaya, ta haifa masa 'ya'ya mata biyu, tana aiki a kanti, ga talauci. Bayan shekara huɗu kati ya zo ta gidan waya, tsohon abokin kiwo zai kawo ziyara. Mijin da ko murmushi sai an roƙa, ran nan ya kasa zama, yana ta leƙen taga. Da baƙon ya iso ta buɗe ƙofa don ta yi masa maraba, sai ta hango su a ƙasan bene. Abin da ta yi shi ne ya tsaya min har yau: ta ja ƙofar a hankali ta rufe, ta koma ciki, da suka shigo ta gaishe shi. Wace mace ce a cikinmu ba ta san wannan rufe ƙofar ba?

Daga nan sai tafiye-tafiyen kamun kifi. Duk shekara ya ɗauki kayan fatsa ya tafi kwanaki, ya dawo ko ƙaya babu. Wata rana ta rubuta 'yar takarda ta ɗaura a zaren fatsar, tana roƙon ya kawo musu kifi. Ya dawo yana ba da labarin irin kifin da suka kama suka cinye. Ta buɗe kwandon ta tarar da takardarta a bushe inda ta ɗaure ta, zaren bai taɓa ganin ruwa ba. Kuma ba ta faɗa masa ba sai bayan aure ya mutu da daɗewa, tana tsaye a kicin tana wanke-wanke. Shekaru tana ɗauke da wannan ita kaɗai. To Yaya Sani, in ka ce duk hawayen da aka zubar a fim ɗin nan tarko ne, nawa fa?

Ɗan Malali: Ashe har Maman Hanifa ta kalla. To mu da muke laɓe sai mu fito, ni ma wani ne ya ba ni labari tiryan-tiryan har da kiɗan.

Zainab Badarawa: Anti, kin riga ni. Ƙari ma, ba Alma kaɗai ba. Ga Lureen matar Jack, abokin kiwon Ennis ɗin, a Tekzas, 'yar mai sayar da injinan noma, ita ta zaɓi ta nutse a lissafin kuɗi ta daina tambaya. Ga wata ma'aikaciyar gidan abinci da ta so Ennis bayan sakin, ya bar ta tana jira ba bayani. Ga babbar 'yarsa da ta nemi ta dawo wajensa da zama ya ƙi. Abin da ke ba ni haushi da fim ɗin shi ne kiɗan mai daɗi da tsaunuka masu kyau duk na mazan ne, matan kuma sai ɗaki mai duhu, kukan yara da tulin wanki. Mai kallo ba ya sanin lokacin da ya fara ganin matar a matsayin cikas. Wannan ya fi damuna a kan tantin da Abba ya tsallake.

Jamilu Edita: Ƙanwata, wannan karatu ne mai kyau, kuma da gangan aka yi. Sai dai ban yarda an wulaƙanta Alma ba. Michelle Williams da ta fito a matsayinta ita ma ta shiga jerin 'yan takarar Oscar saboda fitowar, kuma wajen ƙofar nan da Maman Hanifa ta faɗa, a fuskarta kyamara ta tsaya, ba a kansu ba.

Sani Rigasa: To ai kun dawo kan maganata. Sun cuci mata, sun cuci 'ya'ya, sun saɓa wa Allah. Ɗayan kuma ya gamu da ƙarshen da ya dace da shi. Ina abin kuka?

Rahila Barnawa: Sani, tsaya. Wane ƙarshe ne ya dace da shi? Abba, kai da ka gama kallo kwanan nan, faɗa mana yadda ya mutu.

Abba Kawo: Anti Rahila, ba a fayyace ba. Ennis ya aika kati aka dawo masa da shi da hatimin cewa mai shi ya rasu. Ya kira matar a waya, ta ce taya yake ba iska a gefen hanya ta fashe, ƙarfen ya doke shi a fuska, jini ya shaƙe shi kafin a kawo ɗauki. Tana faɗa kamar karatun hadda. Amma tana cikin magana sai aka nuno wasu maza sun tare shi a fili suna dukansa da ƙarfen kwance taya. Ba ka san ko abin da ya faru ke nan ba ko kuwa tunanin Ennis ne. Don tun yana ɗan shekara tara ubansa ya ja shi da wansa ya kai su su ga gawar wani dattijo da aka kashe a rami saboda yana zaune da wani namiji, wai don su ɗauki darasi.

Rahila Barnawa: Ka ji. To in na biyun ne, gungun mutane ne suka tare mutum a hanya suka kashe shi, ba alƙali ba shaida. Sani, kai ɗan Kaduna ne. Ni ina 'yar yarinya a rikicin 2000, ina kuma tune da na 2002 na gasar sarauniyar kyau. Tun daga nan garin nan ya rabe, ku kuka koma can, mu muka tsallako kogi. Duk wanda aka tare a hanya a kwanakin nan, masu tare shi sun tabbata a ransu cewa ƙarshen da ya dace da shi ke nan. Ka ƙi aikin, ni ma na ƙi shi. Amma kada ɗan garin nan ya yi wa mai ƙarfe a hannu tafi.

Sani Rigasa: Rahila, ni ban ce a kashe kowa ba, kada a ɗora min. Cewa na yi wanda ya bi wannan hanya ba zai ga da kyau ba.

Malam Tukur Tudun Wada: Madalla da ka gyara, Sani, don yadda ka fara rubutawa ya ba da wata ma'ana. Haddi ba na mutanen unguwa ba ne, na hukuma ne, a gaban alƙali, da sharuɗɗan shaida masu tsananin da kusan ba sa cika. Bin diddigin asirin mutane kuma Suratul Hujurati ta hana shi ƙarara. Mafarautanmu da aka kashe a Uromi a watan Maris na 2025, wa ya saurare su? Zargi kawai aka yi. Ba zai yiwu mu yi Allah wadai da wancan mu yi shiru a kan irinsa don wanda aka tare ba ya burge mu ba.

Jamilu Edita: Bari in ƙara wani abu a kan mutuwar, don a can ma an yi ta cacar baki a kanta. Daga 1934 har zuwa 1968 masana'antar fim ta Amurka tana aiki da wata ƙa'idar tace fim da ake kira ta Hays, wadda ta hana nuna irin wannan alaƙa a fili, kuma ta ce kada a bar mai laifi ya ci riba. Sai aka saba, duk inda aka yi nuni da irin mutanen nan, to ƙarshensu mutuwa ko hauka. Shi ya sa wasu daga cikin su kansu masu wannan ra'ayi ba su ji daɗin fim ɗin ba, suna cewa an sake kashe musu mutum don a ci lambar yabo. Masu wa'azinsu kuma suna cewa talla ne. Har wani mai gidan sinima a jihar Yuta ya janye shi daga jadawali ana gab da fara nunawa. Kowa abin da ya shigo da shi ya gani: mai addini ya ga sakayya, mai fafutika ya ga zaluncin al'umma, Maman Hanifa ta ga Alma.

Sannan kada a ɗauka tsoron Ennis ƙirƙira ce. A 1963 da labarin ya fara, in ka cire Ilinoi, duk jihohin Amurka laifi ne a dokarsu. Kotun ƙolinsu ba ta soke ragowar dokokin ba sai 2003, auren jinsi kuma ba ta halatta shi ba sai 2015. A Wayomin ɗin ma, shekara ɗaya bayan fitar labarin, a 1998, aka yi wa wani ɗalibi Matthew Shepard dukan kisa aka ɗaure shi a shinge a wajen garin Laramie.

Usman Unguwar Dosa: Tunda an zo kan doka, a nan gida Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014: shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla, shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko nuna alaƙar a bainar jama'a. Don haka babu sinimar da za ta haska irin wannan a Najeriya, hukumar tace fina-finai ba za ta bari ba. A Kenya ma an hana wani na 'yan mata biyu mai suna Rafiki a 2018, sai kotu ce ta buɗe shi na kwana bakwai kacal. Amma duk wannan tsaron ƙofar gaba ne. Mai turi da kwamfutarsa a bakin kasuwa bai san da wata hukuma ba, shi da kansa bai kalli rabin abin da yake zubawa ba.

Hajiya Lami: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke karanta min, ita ke rubuta wannan. Ni ban kalli fim ba kuma ba zan kalla ba. Amma Sani, ka daina cewa Turawa ne suka kawo mana komai. Mun tashi mun ga 'yan daudu a tasha suna sayar da tuwo da soyayyen nama, a gidan biki su ke riƙe da tukunya. Ba duka ne ke aikata abin da ake zargi ba, wasu da matansu da 'ya'yansu, wasu kuma kowa ya san halin da suke ciki. Malamai suna wa'azi, iyaye suna kuka, amma ban taɓa ganin an tare wani da sanda ba.

Abin da na gani da idona, wanda ya sa na ce a rubuta min, shi ne maganar Maman Hanifa. A danginmu an yi wani yaro, tun yana saurayi manya sun sani. Aka taru aka ce a yi masa aure zai shiryu. Aka nemo yarinya daga ƙauye, marainiya, ko sha bakwai ba ta cika ba. Ni na yi mata jere da hannuna. Bayan wata biyu ta zo gaishe ni, ta zauna a bakin tabarma tana murza gefen mayafi, ta ce, Inna, ko wari nake yi? Ta canza sabulu, ta yi turaren wuta, ta sha duk haɗin da aka ba ta. Miji ba ya duka, ba ya zagi, cefane ba ya yankewa, amma sai ta yi barci yake shigowa, kafin asuba ya fice. Da ciki ya ƙi samuwa, ita aka riƙa kaiwa wajen masu magani. Uwar mijin da ta fi kowa sanin gaskiya ita ce kan gaba wajen cewa juya aka kawo musu. Ni ma na sani, kuma abin da na ce mata shi ne ta yi haƙuri, haka dukanmu muka ce. Ta fita daga gidan ba ta san laifinta ba. Ta yi wani auren ta haihu, alhamdulillahi, amma har yau in ta gan ni a taro gaisuwa ce kawai.

Maman Hanifa: Allahu akbar. Hajiya, Allah Ya saka da alheri da kika faɗa. A asibiti nake aiki, irin waɗannan suna zuwa, ba sa cewa komai sai ciwon kai da rashin barci. Wannan "a yi masa aure zai shiryu" ɗin, 'yar wani ake mayarwa magani, kuma ba a tambaye ta ba.

Sani Rigasa: Hajiya, Allah Ya ƙara girma, ban musa miki ba. Amma to me za a yi da shi? A bar shi haka? Ai aure shi ne abin da addini ya nuna wa matasa. Kuma akwai waɗanda aka yi wa suka shiryu.

Zainab Badarawa: Yaya Sani, ƙanwarka za ka bayar a gwada?

Sani Rigasa: Zainab, ki iya bakinki.

Baban Walid (admin): A sassauta. Zainab, tambayarki tana kan hanya amma ki bar 'yan gidan mutane. Sani, kai ma ba ka amsa ba.

Abba Kawo: Allah Ya gafarta Malam, to ga tambaya a kan wannan. In an zo binciken aure aka tambaye ni halin wani, ni kuma na san wani abu irin wannan a kansa, in faɗa ko in rufa masa asiri? Don ɗazu kun ce an hana bin diddigi.

Malam Tukur Tudun Wada: Tambaya mai nauyi. Akwai hadisin Faɗimatu 'yar Ƙaisu a cikin Muslim. Ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da shawarar mutum biyu da ke nemanta. Ya ce mata Mu'awiya talaka ne ba shi da dukiya, Abu Jahmi kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya nuna mata Usama. Daga nan malamai suka ce faɗin aibin mai neman aure ga wanda ya nemi shawara nasiha ce, ba giba ba. Amma da iyaka. Sai abin da ka sani tabbas, ba jita-jitar majalisa ba, ba don tafiyarsa ko muryarsa ba, domin jifan mutum da wannan ba hujja babban zunubi ne kuma yana rusa gida. Sannan in "ban ba ku shawarar ku ba shi ba" ta wadatar, ka tsaya a nan, ba sai ka buɗe komai ba. Kuma ga waliyyi kaɗai, ba a zaure ba.

Sani, aure ana umartar wanda zai iya sauke haƙƙinsa ne. Wanda ya san ba zai iya ba wa mace haƙƙinta ba, malaman fiƙihu sun ce auren na iya zama haramun a kansa saboda cutarwa, kuma hadisin da ya umarci matasa da aure ya nuna wa wanda bai samu iko ba azumi. Iyayen da suka sani suka ɓoye kuwa, algus suka yi.

Maman Hanifa: Malam, na gamsu da hukuncin, sai dai a aikace akwai gyara. Masu bincike wajen maza suke zuwa, limamin unguwa da abokan ango, su kuma sai "yaron kirki ne, ba ya fashin jam'i". Waɗanda suka san abin da ke cikin gida mata ne, ƙannensa da matan yayyensa da irin su Hajiya, kuma ba mai tambayar su. In ma an tambaya, wace ce za ta tona ɗan gidansu ta zauna lafiya da dangi?

Hajiya Lami: Babu. Ni ma da an tambaye ni a lokacin ba zan faɗa ba. Yanzu ne da tsufa ya zo nake iya cewa kada a kai 'yar mutane.

Sani Rigasa: Ni dai har yanzu ina kan bakana a kan fim ɗin, kada a kalla. Maganar yarinyar Hajiya kuma ba ni da ta cewa, an zalunce ta.

Rahila Barnawa: Malam, wannan bayanin na binciken aure, in ba damuwa zan kwafe shi in kai wa shugabar zumuntar matanmu. Mu ma ana yin irin auren nan, sai dai mu babu saki, yarinya ta shiga ke nan.

Malam Tukur Tudun Wada: Ki kai, 'yata, amma ki haɗa da sharaɗin tabbas ɗin, kada a ɗauki rabin farko a bar shi. An kira la'asar, sai anjima.